Kacalla Ta Sake Rufe Mashigi

Zuwa ga ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Yaya Legas, yaya aiki, yaya jikin Rabi da yara? Mu nan Guri sai godiya.

Habu, mashigin ruwan da kuka share lokacin kullen korona ya sake toshewa. Da cutar ta koro ku gida, kai da sauran matasanmu da ke birni, ai gayya kuka yi, kuka shiga ruwa da lauje kuna saran ciyawar kacalla, har kifi ya dawo, gonar Baba ta sha ruwa kamar ta masu injin ban ruwa. A rediyo ana ta cewa bayan annoba duniya za ta gyaru, a tuna da talaka. Wallahi na yarda.

Ana buɗe hanya kuka watse. Jiya na tura kwalekwale, kacalla ta riƙe ni, ba gaba ba baya. Shinkafarmu tana bushewa, ga kogi muna kallo. Mu tsofaffi muka rage, saran ya fi ƙarfinmu.

Allah ya kiyaye, ba na fatan cuta ta dawo. Amma sai annoba ce za ta kawo ku gida? An buɗe wa kowa, mu har yau muna kulle.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Rabi, Inna ma tana gaishe ku.

Yayanka,
Sale