Litiana Ta Ƙi Faɗin Farashinta

Ƙanwata Akanisi,

Ina gaishe ki daga Melbourne. Yaya mutanen Levuka, yaya ƙafar maigidanki? Rogona na bayan gidanmu fa, ko awakinki sun gama da shi?

Muna nan lafiya. Sanyi bai dame ni ba, gwiwoyina ne kawai ke ƙorafi, don ɗaki ɗaya muke iya ɗumamawa.

Kin tambayi aikin jikata Litiana. Talla take rubutawa da Turanci. Sai ta yini a kan jimla ɗaya ta tallan sabulu, manaja ya soke, ta sake, har ranar Lahadi. Albashin kuwa haya ke cinyewa. Ashe ranar ɗaukarta aiki, da suka tambaye ta nawa take so, sai ta sunkuyar da kai irin namu ta ce, "Duk abin da kuka ga ya dace." Su kuma nan ba su san kara ba, suka ba ta mafi ƙanƙanta.

Ranar Litinin za su sake zama da ita kan albashin. In ba a ƙara ba, sai mun bar gidan nan. Shi ya sa kullum nake ɗora tabarau in zama manaja, in ɗaure fuska in ce, "Ke yarinya, nawa?"

Jiya ta dube ni ido cikin ido ta faɗi kuɗin. Sannan ta ce, "Yi haƙuri, Kaka."

Ku sa mu a addu'a a coci. Ban haƙurin nan ne ya rage mu cire kafin Litinin.

Yayarki,
Unaisi