Ciyawar da ke Baƙanta Hannu

Litinin, 12 ga Agusta 2024

Gyambon ƙafar Kaka ya ƙara faɗi. Ta ce a nemo mata wata ciyawa da suke tsinka a bakin tafkin Madarunfa tun tana budurwa. Sunan ya ɓace mata. Ta ce dai mai farin fure ce ƙarami kamar maɓalli, a laka take fitowa, in damina ta wuce ta mutu. Ubaidullah ɗan Kawu, mai karatun jami'a, ya ce wannan aikin minti biyu ne a telefon.

Laraba, 14 ga Agusta

Ni da Ubaidullah mun je baraj na Tanghin, wato madatsar ruwa. Ya zo da farin takalmi. Farin takalmi, a laka. Ya tsaya kan tudu yana miƙa hannu yana ɗaukar hoto, telefon ya ba shi suna da Faransanci mai tsawon igiyar rijiya. Mata masu ban ruwan salat suna ta dariya da Mosanci, shi ya ɗauka gaishe shi suke.

Kaka ta murza abin da ya kawo, ta ce: "Wannan ko akuya sai ta yi shawara."

Juma'a, 16 ga Agusta

Ubaidullah ya ce ai dispanser, wato asibiti, ya kamata tun farko. Ba da bakinsa ya yi alkawarin minti biyu ba?

Lahadi, 18 ga Agusta

Na koma ni kaɗai, ba takalmi. Masu farin fure iri uku ne a wurin. Na bi su ɗaya ɗaya ina murzawa. Ta ukun karanta ja-ja, ganyen da kaushi, ruwanta kore ne, kafin in ɗauraye ya koma baƙi a yatsuna. Kaka ta shinshina hannuna. Can ta ce ita ce. Mai jami'a yana zaune, ko kallonsa ban yi ba.

Alhamis, 22 ga Agusta

Kwana huɗu muna ɗaura mata a gyambon. Wari.

Asabar, 24 ga Agusta

Ciyawar ita ce, a nan ban yi kuskure ba. Amma jan gyambon ya haura idon sawu, jikin Kaka kuma zafi. Da safe na buga ƙofar Ubaidullah na ce ya fito da moto, babur ɗinsa, mu kai ta dispanser. Na jira ya ce ai ya faɗa tun farko, sai kawai ya tayar da moto. Shi ya yi Faransanci da likita, ni na riƙe ƙafar. Likita ta ce da mun ƙara sati guda, sai dai a yanke ƙafar.

Gobe ƙarfe bakwai za mu koma wankin gyambon. Na ce masa kada ya makara.