Bidiyon da na manta a wayar Umma

Daren Laraba, Roni

Tunda na karanta cewa wata jarumar fim 'yar Kanada tana shekaruna ta fara fim, na kasa sukuni. Shekaranjiya na kulle ɗaki, na cire ɗankwali, na ɗauki kaina bidiyo da wayar Umma ina kwaikwayon kukanta. Na manta ban goge ba.

Yau Umma ta aike ni karɓo wayar wajen mai caji. Ya riƙe ta yana murmushi.

"Hajiya jaruma, ashe kin iya kuka da Turanci."

Mutanen da ke zaune kan bencin mai cajin suka zuba min ido. A littattafan da nake karantawa, nan ne wani yake zuwa ceto. Babu wanda ya zo.

Kullum bayan la'asar, a bencin nan Abbanmu yake zama.