Ashe Moira Maryam ce

Daren Alhamis, Greensboro

Yau na je Summerfield ganin jikata. Tun jiya da ɗana Bashir ya ce matarsa Kelly na son a sa wa jaririyar suna Moira, ko abincin kirki ban ci ba. Me zan gaya wa dangi a Kano ranar suna?

Mahaifiyar Kelly ce ta tarbe ni da shayi. Na daure na tambaye ta asalin sunan, Bashir na cike mini inda Turancina ya gaza. Ta ce sunan kakarta ne da ta zo daga Ireland. A yarensu Máire ne, da Ingilishi kuma a ce Mary.

Na ce, "Bashir, Mary ba ita ce Maryam ba?"

Ya ce, "Ita ce, Mama."

Sai hawaye. Sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta! Matar ta rungume ni, muna kuka muna dariya.

Mun tsaya a kan liman ya raɗa Maryam, su kuma su kira Moira. Ni dai bakina ba zai iya kama sunan uwata ba. Inna zan riƙa ce mata.