Ni Na Tsaya Maka

Changli, Tamale

Ƙanena Masahudu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da aikin gareji. Mma tana gaishe ka. Direban lorin Kumasi na ba wa takardar nan, tunda ka daina ɗaukar wayata.

Jiya ma'aikacin kotu ya same ni a bakin tukunyar koko, gaban masu saye, ya miƙo min sammaci. Maganar bara waccan ce, ranar bikin Jamal, da ka sha pito ka yi tatul, ka tare titin Gurugu da rana tsaka kana zagin masu wucewa har polis suka kwashe ka. Ni na bar sana'ata na je na dangwala yatsa na tsaya maka beli. Sai yanzu suka tuna da kai. Alhamis ta sama za ka bayyana gaban alƙali. In ba ka zo ba, ni za a kama.

Raina a ɓace yake. Ka hau mota.

Yayarka,
Barikisu

Kumasi

Yaya Barikisu,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, a gaida Mma.

Wane irin sammaci kuma? Ba Kawu Sidiki ne ya kwashi dattawan unguwar Moshi Zongo suka je ofishin polis suka ba da haƙuri ba? A gabana ofisa ya gaisa da su hannu bibbiyu ya sallame mu. Maganar da manya suka kashe, yau wani ya tashi daga barci ya tono ta? Ina suke duk tsawon lokacin nan?

Tun ranar ban ƙara kai abin maye bakina ba. Maigidana a matsayin mai salla ya san ni, har makullin gareji a hannuna yake. In na ce masa zan je kotu kan maye, tawa ta ƙare. Ba zan zo ba. Ki ce wa Kawu ya je ya ga alƙalin da kansa, ai shi ma ɗan mutane ne.

Allah ya bar zumunci.
Masahudu

Changli, Tamale

Masahudu,

Sallama. Ina gajiya?

Shawararka ta yi kyau ƙwarai. Kawu ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki goro da zabuwa, ya nufi gidan alƙali. Ko zama ba a ba shi ba. Daga bakin ƙofa mutumin ya ce masa, "Baba, ka ɗau zabuwarka ka tafi gida, kafin in sa a rufe kai ma." Haka tsohon nan ya ratso kasuwa da zabuwa a hammata, yara suna kallo. Daga bakinsa Mma ta ji komai, abin da na yi ta ɓoye mata. Ta daina cin abinci.

Adjoa, ma'aikaciyar gwamnati da ke sayen koko wurina, ta warware min abin. Ta ce haƙurin dattawa daga ɗakin tsaro kawai ya fitar da kai, bai goge laifin ba. Ta ce ƙaramar magana ce, ka tsaya ka amsa, a yi maka faɗa ko tara, a sallame ka. Ƙin zuwa ne ke mai da ita babba.

Kana tsoron kunya gaban maigidanka. Ni fa? Ni da ko warin pito ba na so, yau unguwa ana nuna ni. 'Ya'yana wa zai riƙe su in an tsare ni? Na goya ka a bayana, Masahudu. Kada ka kai ni bango.

Ka huta lafiya.
Barikisu

Changli, ranar Alhamis

Masahudu,

Sallama. Na jira ka a tasha har rana ta ɗaga, sannan na tafi kotu ni kaɗai. An kira sunanka, shiru. Aka kira nawa, na miƙe.

Alƙali ya tambaye ni ko na san inda kake. Na faɗa masa sunan garejin da na maigidanka.

Ka gaya wa maigidan naka da bakinka kafin polis su iso.

Yayarka har gobe,
Barikisu