Bargon Auta Bai Bushe Ba

Zuwa ga Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya kewar gida? Mu dai alhamdu lillahi, an sallamo Auta daga asibiti, sai dai ta rame har wuyanta ya fito.

Yanzu na gano abin da ya lalata allurarta ta ciwon suga. Ka tuna kafin ka tafi ka ce farantan solarmu biyu da batir ɗaya ka auna su ne daidai ƙaramin firjinta, da ƙwan lantarki uku da fanka, ko cokali kada a ƙara? To, ashe Yayanka ya zuro waya ta bayan taga, ya ɗaura a kan batirin kai tsaye, yana jona dutsen guga. Batir ya ƙare, firji ya ɗume, ni kuwa ina ta tsira wa yarinya allurar da ta riga ta mutu.

Na kira mai gyara ya cire wayar, ya sa fis mai yanke wuta in kaya ya yi yawa. Da na yi wa Yaya magana a gaban Innarku, buɗar bakinsa sai ya ce ai rana ba ta gidan ubana ba ce. Har yau bai leƙo ya ce wa Auta sannu ba. Wallahi abin nan yana cin raina, kuma ba zan bari ba.

Taka har kullum,
Maman Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ya ƙafar da ka ce tana damunka? Auta ta fara cin abinci, har da neman ƙari.

Ka ce in yi haƙuri. Ina yi, amma irin nawa. Yaya ya sayo nasa farantan har huɗu don ya nuna mana, ya hau saman bene ya haɗa da kansa, bakin wannan a wutsiyar wancan. Ina gani na tuna abin da ka koya mini: in aka jera su haka, inuwa ta rufe ɗaya, duk sauran sun kwanta.

Ka san igiyar shanyata a nan saman take. Sai na matsar da ita kaɗan. Kullum da hantsi nakan wanke bargon da aka lulluɓe Auta da shi a asibiti, in shanya, inuwarsa ta sauka daram a kan farantinsa na ƙarshe har la'asar. Ban taɓa masa ko waya ɗaya ba.

Batirinsa ya ƙi cika. Ya kinkime shi zuwa shago ya zazzage wa mai sayarwa masifa, aka gwada aka ce lafiyarsa lau. Yanzu da kwali yake fifita, rigarsa a yamutse kamar an ƙwato ta daga bakin akuya. Ni kuwa kullum sai na durƙusa na gaishe shi, har da tambayar ya zafi.

Jiya ya tare ni a matakala, wai wannan wane irin bargo ne da ba ya bushewa. Na ce masa na marar lafiya ne, ko bai ji an yi rashin lafiya a gidan ba? Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Kada ka kuskura ka faɗa masa. Ɗakin Auta ba nisa da nasa. Ranar da ya tako ya ce mata sannu, ranar bargon zai bushe.

Taka,
Maman Auta