Kalmar da Ma Lin Ta Ƙi Ganewa

Asabar, 3 ga Zulƙida
Zafi. Motar unguwar Aziziyya, nan Makka, cike. Sabuwar ɗaliba: Ma Lin, nas 'yar China, ta rako alhazan ƙasarsu. Turanci take so in koya mata don magana da likitoci. Na gaji tun ban fara ba.

Litinin, 5
Yau kan uneasy muka maƙale. Ta dage ma'anarsa "ba sauƙi", wai jarrabawa uneasy ce, hawan Safa uneasy ne. Na ce a'a, ba aiki ake faɗa wa ba, zuciya ce. Ba tsoro ba, bai kai tsoro ba. Babu abin da ya faru tukuna, amma hankalinka ya ƙi kwanciya. Ta rubuta da haruffansu na China, ta ce tana jin suna da irin kalmar.

Ƙullutun da ya fito mini a wuya yana nan. Ban gaya wa Tijjani ba. Miji mai tuƙin bas a tashar Kudai lokacin Hajji, da me zai ji?

Laraba, 7
Ban yi girki ba. Gurasar tamis da waken ful na saya.

Alhamis, 8
Na ce ta gina jimla. Ta dube ni, ta ce ustaza uneasy take duk sanda hannunta ya kai wuya. Nahawu daidai. Na ce mumtaz, ya yi kyau, mu wuce.

Ba ta wuce ba. Ta wanke hannu, ta nemi izini, ta ɗaga mayafina. Yatsunta sanyi. Ta tambayi tun yaushe, na ce Rajab. Ta ce:

"Ni ba likita ba ce. Ki je mustashfa, asibiti, ustaza. Makon nan."

Na ce insha Allah, irin wadda ake faɗa don a rabu da mutum. Haka Umma ta riƙa ce mana, har muka kai ta maƙabartar Shara'i.

Lahadi, 11
Na aika mata cewa ba ni da lafiya, babu darasi. Ta amsa: to ga dalilin zuwa asibiti. Yarinyar nan.

Talata, 13
Na je. Ba don ita ba, hanya ce ta bi da ni ta wajen. Sun ɗebi jini, hoto sai Lahadi.

Tijjani ya dawo la'asar, idonsa ja. Na zuba masa shayi, na kama hannunsa na ɗora a kan ƙullutun. Ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce Lahadi ba zai fita aiki ba.

Ban hana shi ba.